Idan Tsohuwa Ta Rage Tafiya a Ƙasar Sanyi

A Katsina, Hajiyarmu da ƙafa take zuwa barka da gaisuwar rasuwa, tun daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura. Wata uku da kai ta Ingila wajen ƙanwata, tashi daga kujera sai ta dafa gwiwa, a ɗaki kuma rigar sanyi biyu ga bargo. Muka ce hunturu ne da tsufa. Ashe tayirod ce, 'yar tsokar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Nata ko kumburi babu.

Idan aikin tayirod ya yi ƙasa, jiki ya mutu: kasala, jin sanyi, taurin bayan gida, jan ƙafa. Idan ya yi yawa, cinyoyi su saki, zuciya ta riƙa bugawa barkatai, ƙashi ya yi rauni, faɗuwa ɗaya sai karaya.

Don haka ku da za ku tafi da iyaye, ku yi musu rajista da likitan unguwa tun makon farko. A Ingila kyauta ne, maganin da ya rubuta ma kyauta ne ga mai shekara 60 zuwa sama. Ku nemi gwajin jini na TSH, wani sinadari da ke hawa a jini idan aikin tayirod ya yi ƙasa. Tsofaffinmu da alkunya, likita na tambaya sai "Alhamdulillahi, da sauƙi." Ku ne za ku faɗa masa nisan da take iya takawa bara da wanda take takawa yau.

Amma kada ɗan hawan TSH ya sa ku matsa sai an ba da magani, shekaru ma kan ɗaga shi. Binciken TRUST na 2017, a kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama, ya nuna ƙwayar levothyroxine, maganin raunin tayirod, ba ta rage wa masu ɗan hawan nan gajiya ba. Na Hajiya ya hau sosai, shi ya sa aka ɗora ta a kai.

Da asuba take sha da ruwa zalla, kunu sai bayan rabin awa, maganin ƙarin jini kuwa sai bayan awa huɗu. Aka sake gwaji bayan mako shida.

Gishiri ma ku duba. Namu na gida ana sa masa aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata, na shagunan Ingila yawanci babu, mutanen can daga madara da kifi suke samunsa.