Yadda ake saƙa rigar sulke da hannu

A hawan sallah, idan aka wuce 'yan bindiga da dogarai, ido yakan tsaya a kan 'yan lifidi da 'yan sulke. Wannan rigar ƙarfe da ke ƙyalli a jikin mahayi ba ado aka ƙirƙire ta dominsa ba, kayan yaƙi ce. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Da yawa daga cikin tsofaffin sulkunan da ke gidajen sarauta fatake ne suka ƙetaro hamada da su, kuma a Omdurman ta Sudan an ci gaba da saƙa su har cikin ƙarni na 20. Sana'ar kuwa ta girmi duk wannan. A Suratu Saba'i, Allah ya ba da labarin yadda ya tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe, ya umarce shi da ya yi sulkuna cikakku, ya kuma daidaita awon saƙarsu.

A Turai da Amurka saƙar sulke ta zama abin sha'awa na dubban mutane. Akwai masu taruwa duk watan Oktoba a Ingila su kwaikwayi yaƙin Hastings na 1066, akwai masu yin haka duk Yuli a Folan domin tuna yaƙin Grunwald na 1410, kuma da yawansu da hannunsu suke saƙa abin da suke sawa. Ina ganin mu da muke da hawan da ake sa sulke a cikinsa duk shekara, hawan da UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, mun fi kowa dalilin iya wannan aiki. Kayan aikinsa ba su da tsada. Abin da yake ci shi ne lokaci.

Kayan da za ka tanada

Waya ita ce kan gaba. Nemi wayar ƙarfe mai kaurin milimita 1.6, fara mai tauri, irin wadda ake shinge da ita. Baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita ta yi taushi da yawa, zobenta yakan buɗe da kansa idan nauyin riga ya hau shi. Akwai wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, ta fi kowace kyau da ƙarko, amma tana da tsada, kuma taurinta na kumbura hannun ɗan koyo. Ka bar ta sai hannunka ya faɗa.

Sai santalelen rodi marar zane mai kaurin milimita 8, tsawonsa kamar rabin mita, da katako uku, da filaya biyu masu faffaɗan baki, da babban almakashin yanka waya, da safar hannu ta fata, da gilashin kare ido.

Kaurin rodi da kaurin waya tare suke tafiya, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke ɓata aikinsu tun kafin su fara. Idan ka raba faɗin cikin zobe da kaurin waya, ya kamata ka samu wajen 5, kamar yadda 8 da 1.6 suke bayarwa. Idan zoben ya fi haka faɗi sosai, saƙar za ta yi sako-sako, zobba su riƙa wangamewa. Idan ya matse da yawa, zobba huɗu ba za su sami wurin motsi a cikin ɗaya ba, rigar ta sandare.

Ga lissafin waya. Kowane zobe na wannan awo yana cin kusan santimita 3, wato zobba 1,000 za su ci mita 30, nauyinsu kusan rabin kilo. Riga mai gajeren hannu da ta sauko cinya tana neman zobba wajen 20,000 ko fiye, gwargwadon jikin mai ita. Ka ga kenan waya mita 600, nauyi kusan kilo 10.

Naɗi da yanka

Kafa katako biyu a tsaye a kan na uku, ka huda kowanne yadda rodin zai ratsa ya juya ba tare da girgiɗi ba. Kai wa mai walda ya lanƙwasa ƙarshen rodin ya zama mariƙi kamar na injin taliya, ya kuma huda ƙaramin rami kusa da gefe ɗaya. Cusa bakin waya a ramin, ka riƙa juyawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun mai safa yana riƙe da wayar a miƙe, kowane zagaye ya kwanta daf da na bayansa, kada ya hau kansa. Abin da zai fito doguwar naɗaɗɗiyar waya ce mai kama da sifirin.

Hattara da ƙarshen naɗi. Wayar na ɗaure da ƙarfi, idan ka sake ta gaba ɗaya bakinta zai yi bulala, yana tsaga yatsa, yana iya samun ido. Sassauta mariƙin a hankali ya koma baya kafin ka yanke. Wasu na ɗaura rodin a injin huda don sauri, ban ba ɗan koyo shawarar haka ba, domin injin na iya fizgar safa ya naɗe da yatsa.

Zare naɗin daga rodi, ka bi shi da almakashi kana yanka a layi ɗaya, zobe-zobe. Yi ƙoƙari yankan ya miƙe, don bakin zobe biyu su haɗu ba gibi.

Buɗewa da rufewa

Wannan shi ne ainihin sana'ar, kuma ya cancanci ka ɓata yini guda a kansa kafin ka haɗa ko da zobba biyu. Riƙe zobe da filaya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsagar tana sama. Idan za ka buɗe, murɗa hannu ɗaya zuwa gabanka, ɗayan zuwa baya. Kada ka taɓa jan bakin biyu hagu da dama, zoben zai bar da'irarsa, kuma ba zai koma daidai ba har abada. Idan za ka rufe, murɗo su su dawo kana ɗan tura su ciki, ka bar su su ɗan wuce juna kaɗan, sannan ka dawo da su su tsaya baki da baki. Idan ya rufu da kyau za ka ji ɗan ƙas. Shafa yatsa a wurin. In ya karce ka, zai karce rigar ciki, zai kama gashi, kuma ta nan maƙwabcinsa zai sulale wata rana.

Rufe zobba masu yawa ka zuba a kwano ɗaya, ka buɗe wasu ka zuba a wani. Aiki ya fi gudu idan ba ka canza abin da hannu ke yi kowane minti.

Saƙar kanta

Ƙa'idar guda ce: kowane zobe yana ratsa huɗu, biyu a samansa, biyu a ƙasansa. Ita ce saƙar sulken Rumawa, ita ce ta mayaƙan Turai na tsakiyar zamani, ita ce kuma za ka gani a jikin 'yan sulke.

Ɗauki buɗaɗɗen zobe ɗaya, zura masa rufaffu huɗu, ka rufe shi. Shimfiɗa su a kan tsumma: na tsakiya a tsakiya, biyu sama da ƙasa a hagunsa, biyu sama da ƙasa a damansa. Ɗauki wani buɗaɗɗe, ratsa shi ta cikin biyun dama, ƙara masa sababbin rufaffu biyu, ka rufe. Maimaita haka har ka sami tsiri mai layi uku. Duba shi da kyau: zobban layin sama da na ƙasa duk sun kishingiɗa gefe ɗaya, na tsakiya sun kishingiɗa ɗaya gefen. Idan ka ga guda ya miƙe tsaye ko ya juya wa 'yan'uwansa baya, ta inda bai kamata ba ka zura shi. Cire shi nan take, domin idan ka bari aka yi layi goma a kansa, sai ka warware mai yawa kafin ka kai gare shi.

Don ƙara faɗi, saƙa tsiri na biyu, ka ajiye shi ƙarƙashin na farko, kishingiɗarsu iri ɗaya. Sai ka ɗinke su da layin buɗaɗɗun zobba, kowanne ya kama biyu daga sama, biyu daga ƙasa. Na gaba zai kama ɗaya daga waɗanda na baya ya kama, da sabo ɗaya, a sama da ƙasa. Idan ƙyallen ya fara girma, soke layin sama a doguwar waya ka rataye shi, ya fi sauƙin gani.

Kafin ka tunkari riga, saƙa ƙyalle kamar tafin hannu biyu, ka ja shi ta kowane ɓangare. Za ka ga ta fuska ɗaya yana miƙewa ya tsuke, ta ɗaya fuskar ba ya ba da kai. Fuskar da ke miƙewa ita za ta zagaye jiki, wato layuka su kwanta a gicciye daga hamata zuwa hamata. Da haka rigar za ta buɗe idan ka ja numfashi, ta koma ta lafe a jiki, zobba sun rufe juna. Idan ka juya ta, za ta rataya a wage, kuma nauyinta zai riƙa jan kowane zobe ya buɗe.

Fitar da riga

Ba a sa sulke a kan fata, sai a kan riga mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke, kamar yadda ake cusa wa lifidi audugar rimi. Don haka sai ka sa wannan rigar tukuna ka auna ƙirji, ka ƙara santimita 20 zuwa 25, domin sulke ta kai ake zura shi, ba shi da maɓalli.

Siffar taguwa ce. Saƙa bango na gaba da na baya, ka haɗa su da kafaɗu biyu, ka bar wuyan da kai zai wuce. Gara wuyan ya ɗan matse ka yi masa tsaga a gaba da za a ɗaure da igiyar fata, da ya yi faɗi ya riƙa zamewa yana cin kafaɗa. Hannuwa kuwa ci gaban layukan kafaɗa ne, ka miƙa su waje har inda kake so, sannan ka rufe su ta ƙasa. Hamata ce wuri mai wuya, don a nan layukan jiki da na hannu suke karo a gicciye. Bar mata yalwa, ka sa rigar ka ɗaga hannu sama kafin ka rufe.

Inda jiki ya buɗe, kamar allon kafaɗa da ƙugu, ana ƙara zobe ne a tsakiyar layi: ka rataya ƙarin zobe a jikin guda ɗaya tak na sama, layin da ke biye ya ɗauke shi kamar sauran. Shi kaɗai zai ratsa uku maimakon huɗu, kuma daga nan layin ya ƙaru da ɗaya. Warwatsa irin wannan ƙari, kada ka tara su wuri guda. Idan rigar ta hawa ce, tsaga ta gaba da baya daga ƙugu zuwa ƙasa don ta sauka gefe biyu na sirdi. Haka mahayan Normandi ta arewacin Faransa suka yi wa nasu a yaƙin Hastings na 1066.

Idan kana rufe zobba 200 a awa, riga na neman awa 100, ban da naɗi da yanka. Wanda ke son sawa a babbar sallah ya fara tun kafin azumi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar sawa kuma a ɗaura ɗamara mai faɗi a ƙugu, a ɗan zaro rigar ta samanta, sai ƙugu ya raba nauyin da kafaɗa.

Abin da wannan riga ba za ta yi ba

Zobban da muka kwatanta baki da baki kawai suka haɗu. Sulken yaƙi na Turai da ƙasashen Musulmi yawanci kowane zobe sai an ɗora bakinsa a kan juna, an daddale da guduma, an huda, an sa 'yar mitsitsiyar ƙusa an dake ta, sau da yawa ana saɓa layin masu ƙusa da layin zobban da aka fitar daga farantin ƙarfe ba tsaga. Wanda ya ƙware a saƙa zai iya matsawa can, kuma a nan ne baƙar waya mai taushi take da amfani. Sai dai kada ka kuskura ka sa farar wayar shinge a wuta don ta yi laushi, hayaƙin rufin da ke jikinta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Rigarka ta hawa ce da nuni da wasan kwaikwayon tarihi. Tsinin wuƙa ko mashi zai buɗe zobbanta ya shige, don haka kada a gwada ta a jikin mutum ko da wasa. Ko sulke mai ƙusa sara yake tarewa, ba ya hana ƙashi karyewa. Shi ya sa masu dambatawa da kayan yaƙin dā a ƙasashen waje suke da dokoki masu tsauri. Ƙungiyar SCA ta masu kwaikwayon rayuwar tsakiyar zamani, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1966, da sandunan kara mai tauri take fafatawa, da kwalkwali mai kauri. Masu wasan buhurt kuwa, wato gasar faɗa irin na mayaƙan tsakiyar zamani, da takubba da gatura na ƙarfe marasa kaifi suke yi, cikin sulken faranti daga kai har ƙafa, kuma an haramta suka da tsinin makami kwata-kwata.

Adana shi

Gumi da damina su ne abokan gabar sulke. Bayan kowace sawa, shanya shi ya bushe, ka shafe shi da tsumma mai ɗan man inji, ka naɗe a buhu a wuri marar laima. Farar waya tana baƙanta tufa, kada ka sa shi a kan farar shadda. Idan tsatsa ta kama, zuba shi a jarka ko ƙaramar ganga da busasshen yashi, ka rufe ka yi ta mirginawa, zobba da yashi za su goge juna, sai ka kakkaɓe ka sa mai.

Wannan na sabon da ka saƙa ne. Idan tsohon sulke na gado ne a gidanku, kada ka yi masa wankan yashi ko ruwan batir, domin wasu tsofaffin zobba na ɗauke da hatimi ko rubutu da ke nuna inda aka ƙera su, gurza kuma tana shafe shi. Goge shi da busasshen tsumma da ɗan mai kawai. Inda ya yage, kama wurin da zobban da launinsu ya bambanta don a gane gyara ne, ka ɗauki hotonsa kusa-kusa, ka nuna wa ma'aikatan gidan tarihi irin Gidan Makama kafin ka yi masa wani babban aiki.