Yadda za a zaga gari da mai keken guragu idan jirgin ruwan yawon buɗe ido ya tsaya a tasha

Tun kafin ku bar Zariya, kai keken wurin mai faci a Sabon Gari ya duba iskar tayoyi da birki, ka sayi tub ɗaya na ajiya. Yawancin tayoyin baya inci 24 ne.

Da kun shiga jirgi, tambayi ma'aikata: a tashar gobe jirgin zai jingina da gaɓa ne, ko sai an kwashi mutane a ƙananan jirage? Wannan tambayar ta fi komai. Ƙaramin jirgi yana rawa da igiyar ruwa, kuma galibi ba a yarda da keke mai batir. Wani lokacin sai wanda zai iya taka matakala biyu ko uku.

Gadar sauka tana ƙara gangara ko ta kwanta gwargwadon cikar ruwa da janyewarsa. In gangarar ta yi yawa, juya keken ka sauka da baya, kana tare shi da jikinka. Kafin ka ɗaga tayoyin gaba ka ce, "Baba, zan kishingiɗa da ku." Ɗagawa ba sanarwa tana tsorata mutum.

Naɗe keken a but ɗin tasi, matashin zaman kuma a hannu, kada ya ɓata. Ziyarar wuri ɗaya ko biyu a gari ta isa. A Jidda, tsohuwar unguwar Al-Balad tana da lunguna masu ƙunci, sai a bi manyan hanyoyi da safe kafin rana ta buɗe.

Saita agogo da lokacin jirgi. Jidda ta riga Najeriya da awa 2. Ku dawo da saura awa guda, don jirgi ba ya jiran kowa.