Cusa ayon masu kabon tsakanin fallayen oksayid: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Akwai oksayid na ƙarfe waɗanda ba a dunƙule suke ba, falle-falle ne, wani kan wani kamar tarin tabarmi. Na banadiyam da molibdinam da manganis suna ciki, haka ma gishirin titaniyam da na niyobiyam. A yawancinsu ƙananan ayon (ƙwayoyi masu cajin lantarki) na sodiyam ko fotashiyam ne ke zaune tsakanin fallayen, tare da ɗan ruwa. Aikin shi ne a fitar da ƙananan a zuba manya masu sarƙar kabon, dangin amoniyam, don tazarar ta buɗe, ko don batir, ko don tace ruwa, ko don a ɓare fallayen ɗai-ɗai. A takarda abu ne mai sauƙi. A ɗakin gwaji kuwa, ɗalibanmu na Samaru kan yi wata da watanni a kai, su zo ranar kare kundi, malami ya yi tambaya ɗaya: ina shaidar cewa ya shiga?

Daga nan zan fara, domin nan ne babban ramin. Ɗalibi ya haɗa garin oksayid ɗinsa da CTAB, wato gishirin amoniyam da buromayid mai doguwar sarƙar kabon, ya busar, ya kai FTIR, awon da ke nuna irin haɗin sinadaran da ke cikin samfuri, ya ga layuka biyu a wajen 2920 da 2850, sai ya rubuta cewa an yi nasara. Waɗannan layukan na sarƙar kabon ne, gaskiya, amma ba su faɗa maka inda sarƙar take ba. Tana iya zama manne a bayan ƙwayoyin garin, ko kawai gishirin ne ya bushe a gefe. Shaidar shiga tana wajen XRD, awon da ke nuna tazarar fallaye da hasken X-ray: layin farko dole ya matsa zuwa ƙaramar kusurwa, alamar tazarar ta ƙaru, kuma in tsarin ya zauna da kyau za ka ga 'yan'uwansa na biyu da na uku suna biye a jere.

A nan ma akwai tarko. Da fitilar jan ƙarfe da aka saba, mai tsawon zango 0.154 na nanomita, kusurwar digiri 10 tana nuna tazarar 0.88 na nanomita ne kawai, digiri 5 kuma 1.77. In tazararka ta kai nanomita 3, layinka yana ƙasa da digiri 3. Wanda ya miƙa samfuri bai ce komai ba, aka fara masa awo daga digiri 10 kamar yadda ake yi wa duwatsu da siminti, ya biya kuɗi ya dawo da takardar da babu amsarsa a ciki. Wasu ma a nan suke yanke cewa aikin ya lalace, su zubar da samfuri mai kyau. Ka rubuta a jikin kwalbar, ka kuma faɗa da baki: Malam, don Allah a fara daga digiri 2. Ka haɗa da asalin garin da ba a taɓa ba, da gishirin shi kaɗai, domin shi ma CTAB yana da nasa layukan a can ƙasa, kuma sun sha ruɗin mutane.

Sai gaggawa. Babban ayon ba ya kutsawa kai tsaye inda fotashiyam ko siziyam ya riƙe fallaye gam. Sai an fara jiƙa garin a asid, ayon na haidirojin su maye gurbin. Ga titanet, wato gishirin titaniyam, hanyar da aka saba ita ce asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin mola 1, ana sauya shi da sabo kullum har kwana 3. Sauyawar ita ce maganar, don ayon da suka fito suna nan cikin ruwan, in ba a zubar ba sai musanyar ta tsaya rabi. Bayan haka, in ayon ɗinka ƙato ne, a fara buɗe hanya da gajeren amin irin furofil ko butil, sannan babban ya bi. Takayoshi Sasaki da abokan aikinsa a Japan sun nuna a 1996 cewa titanet da aka yi wa asid yana ɓarewa falle ɗai-ɗai a ruwan tetirabutil-amoniyam, amma girgizawar kwanaki take ci, mako ko fiye. In wuta ta ɗauke da dare na'urar ta tsaya, waɗannan awannin ba sa cikin lissafi. Idan ya yi, za ka gane da ido: ruwan ya zama fari-fari, ka juya kwalbar a haske ka ga wani sheƙi yana yawo a ciki, kuma ba ya kwantawa ko an ajiye.

Gargaɗi ga masu manganis: kada asid ɗin haidirokulorik mai kauri ya haɗu da shi, ballantana da zafi. Iskar kulorin yake fitarwa. Masu banadiyam da molibdinam kuma matsalarsu ta ɗaya ɓangaren ce, in amin ya yi yawa ruwan ya koma alkali sosai, oksayid ɗin narkewa yake yi, ka tace ka tarar da ɗan abin da bai cika cokali ba. A riƙa duba pH, ma'aunin asid da alkali. Haka nan in ka sa anilin a jel ɗin banadiyam ka ga ya rikiɗe ya yi duhu, ba musanya kawai aka yi ba. Banadiyam ya karɓi lantarki, anilin ya sarƙe ya zama folima, kamar yadda Mercouri Kanatzidis ya nuna a ƙarshen shekarun 1980. Abu ne mai amfani, amma a kira shi da sunansa.

Masu ɗauko farar ƙasar Ƙanƙara su gwada wannan dabara su sani cewa kawolin kusan ba shi da ayon na musanya a tsakani. Tazararsa 0.72 na nanomita ce, sai an fara buɗe ta da ruwan sinadarin DMSO zuwa wajen 1.12. In aka zuba CTAB kai tsaye, a jikin ƙwayoyin ta waje zai tsaya.

Wanki kuma ana raina shi. Ruwan rijiyar burtsatse yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam, su ma gurbin suke nema, don haka sai ruwan da aka cire wa gishiri. Yaushe wankin ya isa? Ka ɗebi ɗan ruwan da ya tsiyayo, ka ɗiga masa silba naitiret. In ya yi gajimare mai ɗan rawaya, akwai sauran buromayid, a ci gaba. Sai ya fito garau.

Wani abu kuma namu ne na Zariya, kuma ba kasafai ake kula da shi ba. Tazarar fallaye tana bin laimar iska. Oksayid ɗin manganis da ake kira busarayit yana da tazarar nanomita 1 in yana da danshi, da ya bushe sai ya faɗo 0.7. Samfurin da aka auna a Agusta ana tsakiyar damina, da ɗan'uwansa da ya kwana a buɗe cikin hunturun Janairu, za su iya ba da lamba daban alhali girki ɗaya ne. Ɗalibi sai ya ɗora bambancin a kan tsawon sarƙa. A busar da duk samfura iri ɗaya, a rufe su a tukunyar hana laima, a rubuta ranar awo. Tanda kuma kada ta yi zafi, digiri 60 ya wadatar, don irin wannan amoniyam daga wajen digiri 200 yake fara rushewa.

In kana son hujjar da ba a ja da ita, kada ka tsaya a sarƙa ɗaya. Gwada mai kabon 8, da 12, da 16, ka zana tazara a kan yawan kabon. Miƙaƙƙiyar sarƙa tana ƙara kusan 0.127 na nanomita kan kowane kabon. In ƙarin da ka samu ya wuce haka, jeri biyu ne a tsakanin fallayen. In bai kai ba, sarƙoƙin a karkace suke, sai ka haɗa da awon TGA, mai bin raguwar nauyi in ana gasa samfuri, na yawan abin da ya shiga kafin ka ce jeri ɗaya ne ko biyu.