Kurket na yara a Zariya: kurakuran da ke korar yara daga fili da yadda ake gyara su

Kurket, wasan da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda a yi gudu don tara maki, ba baƙo ba ne a Zariya. Tun zamanin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta sauka Zariya a 1949 ta kuma zama Barewa ta yau, ɗalibai ke buga shi. 'Yan shekarun nan sha'awarsa ta sake tashi: samarin Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun buga gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matanmu kuma suka doke Niyu Zilan da maki biyu a Malesiya a Janairun 2025. Sai dai abin da kan faru a firamare da ƙaramar sakandare shi ne a fara da fili cike, kafin zangon karatu ya ƙare yara sun zame sun koma tamaula. Dalilin kusan ɗaya ne kullum: an ɗauko wasan manya ɗungurungum an aza musu, da ƙwallonsa da tsawon filinsa da dokokinsa.

Dogon layi

Sanda ɗaya, ƙwallo ɗaya, yara talatin. Ɗaya na bugu, ɗaya na jifa, sauran na tsaye cikin rana suna jiran a zo kansu. In aka raba awa ɗaya ga yara talatin, minti biyu-biyu ke nan, shi ma in ba a ɓata lokaci wajen neman ƙwallo a ciyawa ba. Wanda aka fitar daga bugu a jifan farko kuwa rabonsa na ranar ya ƙare. Shi za ka gani lokacin tashi yana bin malami a baya, yana cewa, "Malam, ni fa sau ɗaya na buga." Mako mai zuwa ba za a gan shi ba.

A raba yara rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane rukuni da ƙwallonsa da sandarsa. Wannan bai buƙatar kayan ƙasashen waje. Kafinta zai fitar da sanduna daga katako mara nauyi, robobin ruwa uku cike da yashi sun isa su zama wiket, wato turaku ukun nan da mai jifa ke hari a bayan mai bugu, layi kuma a ja shi da toka. Minti goma na farko a ɗumama jiki da wasan cafe ƙwallo, minti ashirin rukunoni su riƙa zagayawa tsakanin bugu da jifa da tare ƙwallo, sauran rabin awa a buga wasa. Kada a tashi ba a buga wasan ba, domin shi ya kawo su.

Wasan da ya fi dacewa da masu koyo shi ne na bibbiyu. Kowane ɓangare mutum takwas, su shiga bugu biyu-biyu, kowane biyu su sami oba biyu, wato jifa goma sha biyu, ko an fitar da su ko ba a fitar ba. Ƙungiya na farawa da maki 200. Duk fitarwa a cire biyar, masu bugu su musanya gefe su ci gaba. Maki 200 ɗin don kada lissafi ya faɗi ƙasa da sifili ne. A ɗaya ɓangaren kowa zai yi jifan oba ɗaya, kuma bayan kowace oba masu tare ƙwallo su gusa wuri na gaba, ta yadda babu wanda za a jibge can bakin iyaka har a tashi. Jifan da ya kauce a ba masu bugu maki biyu a wuce, ba sai an maimaita ba. In ana maimaitawa, yaron da hannunsa bai faɗa ba zai yi ta jifa yana ƙara ruɗewa abokansa na kallonsa.

Kada kuma a bar kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa, don yaro ɗaya ne kullum zai rage a ƙarshe. Malam ya ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, shi ke nan.

Ƙwallon fata tun ba a kai ba

Ƙwallon fata na manya na da nauyin kusan giram 160, ga tauri. Na yara tsakanin giram 133 da 144 yake, shi ma yana karya yatsa. Yaron da aka fara masa da shi, tsoro zai koya kafin bugu: ya ja da baya, ya rufe ido, ya kawar da kai, kuma wannan ɗabi'ar na daɗewa ba ta bar mutum ba. A fara da ƙwallon tanis. In hannu ya faɗa, a naɗe shi da tef na masu gyaran wuta, kamar yadda ake yi a titunan Pakistan. Tef ɗin na kwantar da gashin ƙwallon, sai ya ƙara gudu ya kuma rage tsalle, ya kusanci na gaske. Naɗi ɗaya ko biyu ya isa, fiye da haka ya yi tauri. Tun a wannan mataki a koya cafewa: yatsu su kalli sama in ƙwallo ya haura ƙirji, su kalli ƙasa in yana ƙasa da shi, kada su taɓa nuna ƙwallon kai tsaye.

Ranar da aka koma na fata, ƙa'ida ɗaya ce: babu kayan kariya, babu wasa. Dokar hukumar kurket ta Ingila, wadda ta cancanci a kwaikwaya a nan, ta wajabta hular kwano mai ragar fuska ga duk ɗan ƙasa da shekara 18 da zai yi bugu, da mai tsaron wiket in ya matso kusa. Hular babur ba ta maye gurbinta. A ɗauki ƙwallon da za a yi wasa da shi a gwada tura shi tsakanin bakin hular da ragar. In ya shige, a gyara ragar ko a ajiye hular. Wadda ta sha bugu mai ƙarfi ita ma ta gama aiki ko da ba a ga tsagewa ba. Phillip Hughes, ƙwararren ɗan wasan Ostareliya, ya rasu a Nuwamban 2014 bayan ƙwallo ya same shi a wuya, ƙasa da inda hularsa ta tsaya, abin da ya sa yanzu ake ƙara makarin wuya a bayan hula. Sai safar hannu, makarin ƙwauri, da makarin gaba ga yara maza, wanda kunya ke sa a yi shiru a kansa har sai an ji ciwo.

Masu tare ƙwallo ma da iyakarsu. Ɗan shekara 13 zuwa ƙasa kada ya tsaya gaban mai bugu kusa da yadi 11, wato mita 10. 'Yan ƙasa da 15 kuma yadi 8, ko da hula a kansu. A zana da'ira da toka don kada a yi ta gardama. A wasan ƙwallon tanis kuwa, sandar ce abin tsoro. Yaro na jiran layi yana wulwula ta, ƙaninsa na tsaye a bayansa. Sanda ta zauna a hannun masu bugu biyu kaɗai, masu jira su zauna nesa, aƙalla taku goma.

Fili da sanda sun fi ƙarfin yaro

Yadi 22 tsakanin wiket da wiket na manya ne. Ɗan shekara tara ba zai kai ƙwallo can da miƙaƙƙen hannu ba. Ko dai ya cilla shi sama ya faɗo yana birgima, ko ya lanƙwasa gwiwar hannu ya wurga, alhali a dokar wasan ba a yarda gwiwar ta miƙe fiye da digiri 15 a lokacin jifa ba. Daga nan sai malami ya hau faɗa kan laifin da tsawon fili ya jawo. A rage shi: yadi 15 ga 'yan ƙasa da tara, 17 ga 'yan ƙasa da 11, 19 ga 'yan ƙasa da 13. A sami igiya a ƙulla ta a waɗannan wurare, awo ya ƙare. Jifa kuma a fara shi a tsaye, kafaɗa na kallon mai bugu, hannu ya zagayo yana gogar kunne. Gudu sai daga baya.

Sanda in an jingina ta da ƙafar yaro, kanta ya tsaya kusa da ƙugu. Ya kuma iya ɗaga ta da hannu ɗaya ya riƙe a miƙe na 'yan daƙiƙu. In ta rinjaye shi, da hannun da ke ƙasa a mariƙinta zai riƙa jan ta, duk bugunsa ya zama shara gefe guda.

Akwai kuma yaron da Allah ya ba ƙarfin jifa, wanda koci ke mayar wa ƙwallo duk lokacin da ake neman nasara. Ƙashin baya mai girma ba ya jure wannan, yana iya tsagewa a hankali ba tare da an faɗi ba. Iyakar da aka daɗe ana bi a Ingila a shekarun baya ga masu jifa da gudu ita ce oba 5 a jere da 10 a yini zuwa shekara 13, sai 6 da 12 ga 'yan 14 da 15. Yaron da ya ce bayansa na ciwo gefe ɗaya in ya yi jifa, a tsayar da shi a kai shi asibiti.

Ƙasa, rana da ƙura

Da hunturu filin makaranta na bushewa ya yi tauri kamar daɓe, ya kuma tsattsage, sai ƙwallo ya riƙa tashi inda ba a zata ba. A kan irin wannan ƙasa ba a buga na fata sai an shimfiɗa tabarmar wasa an ɗaure ta tam. Kafin a fara, yara su jeru su taka filin suna tsince kwalba da ƙusa da ƙaya. A miƙa filin jifa kudu da arewa. In aka miƙa shi gabas da yamma, ranar la'asar za ta shiga idon mai bugu. A kuma duba inda bugu zai nufa, kada ya zama tagar aji ko hanyar da masu babur ke ratsawa.

A Maris da Afrilu, a yi da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa duk minti 15 zuwa 20 ba sai wani ya roƙa ba. Yaron da ya fara jiri ko ciwon kai ko surutu ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, in bai dawo daidai nan take ba sai asibiti. Da azumi a taƙaita, a bar guje-guje. Da damina kuwa, in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, kowa ya shiga aji, ba gindin bishiya ba, sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Sakacin da ya fi ciwo shi ne rashin tambayar iyaye tun farko. A rubuta wa ke da sikila, wa ke da asma, wa ke da farfaɗiya, da lambar wayar gida. Mai sikila na iya wasa, amma ƙishirwa da gajiya da sanyin hunturu na tayar masa da ciwo, don haka ya huta duk sa'ad da ya nema ba tare da gori ba. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa fili, ranar da ƙura ta yi yawa kuma a ɗage. Wanda ƙwallo ko sanda ta sama a ka ya gama wasan ranar, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, a kuma sanar da gida. In ya yi amai ko barci ya rinjaye shi, a garzaya da shi asibiti.

Waɗanda ake bari a baya

Sau da yawa ana cewa 'yan mata ba su da sha'awa, alhali an sa atisaye daidai lokacin Islamiyya, babu malama a fili, babu wanda ya je ya yi wa iyaye bayani. Alhamis da Juma'a da yamma, da yawancin Islamiyyu ke hutu, sun fi sauƙi. Kurket na da abin da ke kwantar wa iyaye hankali: dogon wando da riga mai dogon hannu su ne kayansa na asali, kuma babu gogayyar jiki. Hijabi ya zama gajere da za a cusa cikin riga, ba tare da fil ba, don ya shiga ƙarƙashin hula.

Yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa yana iya bugu, wani ya yi masa gudu. Kurma na buƙatar malam ya fuskance shi in zai yi magana, alƙalancin wasan kuwa da ma da alamun hannu ake yin sa. Mai raunin gani a sa masa ƙwallon roba mai tsakuwa a ciki, a mirgino masa ta ƙasa, yadda ake yi a kurket na makafi.

Bulala da tsallen kwaɗo ba su da wuri a nan. Wanda aka daka don ya saki ƙwallo, gobe kauce masa zai yi. Manya biyu su kasance a fili kullum, ɗaya mace in akwai 'yan mata. Koci kada ya keɓe da yaro a ɗakin ajiyar kaya, kada ya goya shi a babur shi kaɗai ba da sanin iyaye ba, saƙon waya kuma ta hannun iyaye zai bi. Hoto ba ya hawa Facebook sai da izinin gida. Yara su san malami ko malama ɗaya, ban da kocin, da za su kai wa ƙara. A kira suna a farko, a sake kira a ƙarshe, a tashi da sauran rana yadda mai zuwa Tudun Wada ko Sabon Gari zai isa gida kafin magariba, kuma babba ɗaya ya tsaya bakin ƙofa har sai an ɗauki ƙaramin ƙarshe.