Kurakuran da ɗalibai ke yi a binciken hanjin gara

Masu karatun maikurobayoloji da yawa suna ɗaukar furojet a kan ƙwayoyin halittar da ke hanjin gara, kuma wallahi batu ne mai kyau, ga garar nan ko'ina kyauta, sai dai kurakuran iri ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Babbansu shi ne a rubuta "gara" kawai sai ka ce jinsi ɗaya ce. Gara ta kai kusan jinsi 3,000, wata itace take ci, wata busasshiyar ciyawa, wata ƙasa zalla, wata kuma noma take yi. Sai ka ga ɗalibi ya karanta cewa furotozowa, wato wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ke zaune a hanjinta, su ne ke narka wa gara itace, ya je ya fasa suri ya kwaso zago ya ɗora a maikuroskof ya yi ta nema bai ga komai ba, sai ya zaci shi ya ɓata aikin, wani ma don tsoron malami ya rubuta ya gani. To ai babu su ne. Gwajin da wani masani mai suna Cleveland ya yi a Amurka a shekarun 1920, inda ya kashe furotozowan garar ta mutu alhali tana cin itace, a kan tsofaffin dangin gara ya yi shi. Zagonmu mai dogon suri Macrotermes ne, ɗan gidan Termitidae, gidan da ya kwashe sama da kashi 70 cikin 100 na jinsunan gara kuma tuni ya rabu da waɗannan furotozowan. Shi fangas mai suna Termitomyces yake nomawa a cikin surin, a kan wani abu mai kama da soso, fangas ɗin ya ruɓar da ciyayi shi kuma ya ci. Don haka kafin komai ka tsinci sojojin ka zuba a sifirit, da siffar kansu ake gane jinsi, sannan ka rubuta me ka tarar suna ci.

Amma fa ba sojan za ka feɗe ba, shi ciyar da shi ake yi, ma'aikata su ne masu zuwa kiwo. Kuma don Allah a daina niƙe gara ɗungurungum, datti na bayanta duk zai shiga. A wanke ta da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a zaro hanjin, a ɗauki ƙarshensa da ya kumbura.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na farantin da ake rainon ƙwayoyin a kai. A shafa a kan aga, wato abincin rainon ƙwayoyi da ake zubawa a farantin, bakteriyar Bacillus ya tsiro da wasu biyu-uku, shi ke nan a ce ga mazauna hanjin gara. Yawancinsu sam ba sa tsirowa a haka, da yawa ma iskar oksijin kashe su take yi. A 2007 da aka karanta DNA na hanjin Nasutitermes mai cin itace daga Kosta Rika, bakteriya irin su Treponema da Fibrobacteres ne suka cika wajen, irin waɗanda ba za ka gani a farantinka ba. In babu kuɗin gwajin 16S, wato na gane bakteriya ta DNA ɗinsu, ba abin kunya ba ne, ka rubuta cewa waɗanda suka iya tsirowa kaɗai ka ƙirga.

Sai masu ɗora komai a kan abinci. Gaskiya ne abinci yana da ƙarfi sosai, Cubitermes mai cin ƙasa wani sashen hanjinta pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da kanwa, ya haura 12, bakteriya 'yan rukunin Firmicutes ne suka fi yawa a ciki, kuma masu cin ƙasa sun fi masu cin itace fitar da iskar mitan. Amma akwai gado, ƙananan gara daga manyan da ke gidansu suke samun ƙwayoyin, don haka in ka gwada jinsi biyu ka ga bambanci ba ka san ko abinci ne ko dangi ba. In abinci kake son aunawa ka raba garar da ka kwaso daga gida ɗaya kashi biyu ka ba kowane kashi abincinsa daban. In kuma na daji kake son gani ka feɗe su da wuri, kar ka bar su makonni a kwalba suna cin takarda, don lokacin abincin naka kake aunawa ba nasu ba.