Yadda ake canza sifirin ɗin baya na tsohuwar akori-kura a gida

Akori-kurar da nake magana a kai Peugeot 404 ce ta mahaifinmu, ita ta yi shekaru tana ɗauko albasa da tumatir daga Mile 12 zuwa Agege, yanzu ta dawo hannuna kuma ina lallaɓa ta kamar tsohuwar gida. Bara na lura bayanta ya zauna, ɓangaren dama ya fi nutsewa, in ka taka rami sai ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Da na leƙa ƙasa sai na ga ganye biyu na sifirin, wato faifayen ƙarfen nan da aka jera kan juna, sun tsage. To abin da na yi shi zan faɗa, kuma aikin ɗaya ne ko 504 akori-kura ce irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ko tsohuwar Land Rover. Amma 504 motar shiga ba ta cikin wannan lissafin, ita sifirin ɗinta mai murɗi ne.

Kafin ka taɓa sifana, ka ajiye motar a wuri mai daidai ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya ta baya, ka rubuta, ka kuma ɗau hoton yadda komai yake zaune da wayarka. Sannan ka jiƙa duk notin da za ka kwance da WD-40 ko kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, safe da yamma, kwana biyu ko uku. Wallahi a Legas wannan shi ne rabin aikin, saboda iskar gishiri da ruwan da mota ke iyo a ciki duk damina sun sa tsatsa ta riga ta haɗe noti da bol sun zama abu ɗaya, in ka zo da gaggawa sai dai ka ji ƙas, bol ya karye maka a ciki, daga nan aikin yini ɗaya ya zama na sati.

Wajen saye, Ladipo a Mushin ko Owode Onirin za ka nufa, ni dai shawarata ka tafi da tsohon sifirin ɗin ko aƙalla awonsa. Ka auna daga ido, wato zoben da ke kowane ƙarshen sifirin, zuwa bol ɗin tsakiya ta gaba da ta baya, don sau da yawa tsawon ba ɗaya ba ne, ka ƙirga ganyen, ka duba faɗi. In tokumbo ne, wato na hannu, ka kankare tsatsar kusa da bol ɗin tsakiya ka duba da kyau, nan tsagewa ke ɓuya. Guda biyu za ka saya, ba ɗaya ba, in ka sa sabo a gefe ɗaya ka bar gajiyayye a ɗaya gefen motar za ta karkace. Ka haɗa da sabbin bushin, wato robar da ke cikin idon sifirin, da sabbin yubol, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke rungume aksil da sifirin. Tsofaffin sun riga sun miƙe, kuɗinsu bai kai haɗarin maimaita su ba.

Ranar aiki, sa motar a giya ɗaya, ka tokare tayoyin gaba da katako gaba da baya, ka ɗan sassauta notin taya tun tana ƙasa. Ɗaga ta da jak, ka sa tsayayyen ƙarfe na tokara a ƙarƙashin shasi, gaba kaɗan da inda sifirin ya kama. A shasi fa, ba a aksil ba, don so ake nauyi ya sauka daga kan sifirin. Kuma don Allah kar ka jera bulo ka shiga ƙarƙashi. Bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, na ga yaron gareji da ƙafarsa ta tafi a haka, har yau abin yana damuna. Jak ɗin kuma ka mayar da shi ƙarƙashin aksil ya riƙe shi, kar ya rataya a kan tiyon birki ya tsinke shi.

Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, ta haka aksil ba zai goce ba, kuma in ka manta yadda wani abu yake sai ka zagaya ka leƙa. Cire taya, kwance ƙasan shokozoba, sannan notin yubol guda huɗu, kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Sai ka motsa jak a hankali har aksil ya rabu da sifirin. Daga nan ka koma baya ka kwance shakul, wato ƴan ƙarafan nan biyu da ke lilo, sannan bol ɗin idon gaba. Wannan na gaban shi ne mai taurin kai, yakan manne a cikin bushin. Ka mayar da noti a bakinsa ka buga da guduma, in ya ƙi a yanka shi, amma a kula da tankin mai kafin a kunna giranda. Sifirin yana da nauyi, ka samu wani ya tallafa maka lokacin saukewa.

Sabon bushin na roba da ruwan sabulu ake shigar da shi, baƙin mai yana cin roba. Jikin bol kuwa ka shafa masa giris don na bayanka ya ji daɗin kwancewa. Ka fara maƙala idon gaba, sannan shakul, duk ka bar notin a sake. Yanzu sai ka daidaita aksil har kan bol ɗin tsakiya ya faɗa cikin ramin da aka yi masa a mazaunin aksil, za ka ji ya zauna. In bai shiga ramin ba kar ka ɗaure komai, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. Sa yubol, ka ɗaure a gicciye har zaren da ya fito ya zo daidai a duka huɗun, ka mayar da shokozoba.

Inda mutane da yawa ke ɓata aikin shi ne su ɗaure bol ɗin ido da na shakul tamau tun mota na sama. In ka yi haka, tana sauka robar bushin za ta murɗe ta zauna a murɗe, cikin ƴan watanni ta yage. Sai ka sa taya, ka sauke motar, ka hau baya ka yi tsalle sau uku huɗu ta zauna, sannan ka ɗaure su tana tsaye a kan tayoyinta.

Wasu za su ce maka kawo a yi wa ganyen walda, ko a gasa shi a lanƙwasa. Kar ka yarda, wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen sifirin, a daidai wurin zai sake karyewa kuma sai ka ɗau kaya zai yi maka haka.

Ka sake awon da ka yi da farko, gefe biyun su zo kusan daidai. Ka ɗan zagaya cikin unguwa ba kaya, ka taka birki ka saurara. Bayan sati ɗaya na tafiya ka sake shiga ƙasa da sifana ka bi notin yubol ɗin nan, za ka tarar sun ɗan saki saboda ganyen sun kwanta a kan juna. Ni tawa sai da kowane noti ya ƙara karɓar ɗauri kafin na yarda na ɗora mata buhunan albasa.