Yadda za a saita waya domin ɗan uwa mai jinkirin fahimta ya riƙa sada zumunci da kansa

A yawancin gidajenmu, idan akwai mai jinkirin fahimta, ko wanda aka haifa da larurar da ake kira galahanga, wayar da ake ba shi ta kallon bidiyo ce kawai domin ya zauna shiru. Idan dangi sun kira daga nesa, sai a ce yana gaishe ku, alhali yana zaune a gefe. Lokacin kullen korona na shekarar 2020, da aka rufe makarantu aka hana ziyara, na ga yadda ƙanena mai irin wannan larura ya yi makonni yana tambayar ina yayarmu da ke aure a Kaduna, kuma a nan na koyi abin da zan bayyana.

Abu na farko shi ne a rage wa wayar kaya. A kwashe manhajojin da ba ya buƙata daga fuskar waya, a ƙara girman rubutu da alamomi, a bar WhatsApp a inda babban yatsansa zai kai ba tare da lalube ba. Sannan a zaɓi mutane uku ko huɗu da ya fi shaƙuwa da su, a tabbatar kowannensu ya sanya hoton fuskarsa a bayyane, domin wanda bai iya karatu ba da fuska yake gane mutum. Hoton fure ko na mota ba zai amfane shi ba, kuma a roƙi waɗannan mutane su daina yawan sauya hoto. WhatsApp yana ba da damar maƙale hira uku a saman jeri, kuma a wayar Android ana iya fito da hirar mutum ɗaya zuwa fuskar waya, ta yadda taɓawa ɗaya za ta buɗe ta. A ajiye sunaye kamar yadda yake kiransu a gida: Umma, Yaya, Kawu.

Saƙon murya shi ne ginshiƙin al'amarin, don haka a nan ya kamata a fi ba da lokaci. A koya masa abu ɗaya tak a rana: ya danna alamar makirufo, ya riƙe, ya yi magana, ya saki. A fara dafa hannunsa, daga baya a koma nuni da baki, sannan a ja gefe a bar shi. Ƙanena ya shafe kwanaki yana sakin yatsa tun kafin ya gama sallama, har yayarmu ta tara saƙonni masu daƙiƙa ɗaya sun fi goma, amma ta amsa kowanne da murya, kuma wannan amsar ce ta sa bai gaji ba. Su ma masu amsawa suna da nasu darasi: jimla gajera, tambaya ɗaya a saƙo ɗaya, kuma kada a yi masa maganar jarirai idan baligi ne, domin yana gane raini fiye da yadda ake zato.

Kiran bidiyo kuwa a tsayar masa da lokaci sananne, kamar bayan sallar la'asar ranar Juma'a, saboda agogo ba lallai ya yi masa ma'ana ba, amma kiran salla ya sani. A jingina wayar da wani abu, haske ya fuskance shi, a kashe talabijin. Idan an yi masa tambaya a jira, ko da shirun ya yi tsawo, kada na kusa ya karɓe amsar daga bakinsa. Minti biyar da mutum ɗaya ya fi masa amfani a kan taron dangi goma da ke magana a lokaci guda. In data ta yi ƙaranci, akwai saitin rage cin data a lokacin kira.

Batun 'yan damfara ba na wasa ba ne, domin mutum mai saurin yarda shi suke nema. A WhatsApp a kunna tabbacin mataki biyu, wato lambar sirri mai lambobi shida, a hana baƙi jefa shi cikin zauren hira, a kunna saitin da ke toshe ƙarar kiran lambobin da ba a ajiye ba. Kada a bar manhajar banki a wayar. A Najeriya ana iya tura STOP zuwa 2442 domin tsayar da saƙonnin talla. A maimaita masa ƙa'ida guda har ta zauna: duk wanda ya nemi lamba, kuɗi ko hoto, a nuna wa Umma tukuna. Sai dai tsaro bai halatta a riƙa sauraren saƙonninsa a ɓoye ba. Idan za a duba wayar, a zauna tare da shi a duba, kuma a fara neman izininsa kamar yadda za a nema a wurin kowane babba.